Likita na so ya haɗa min aikin ratina da cire yana a tiyata ɗaya, in yarda?

Maman Biyu

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a wajen wanda aka taɓa yi wa irin wannan aiki, ko wanda ya san kansa.

Shekarata 61, ɗinki ne sana'ata. Tun ina yarinya ba na gani daga nesa, tabarau nake sawa, lambarsa mainos 5 a kowane ido. Kwanakin baya na lura in na rufe idon dama, layin ɗinki sai ya karkace daga tsakiya, in na kalli fuskar mutum kuma sai in ga kunnuwa da haɓa, hanci ya ɓace. Aka ɗauki hoton bayan ido, wanda suke ce wa OCT, likita ya juyo min da kwamfuta ya nuna min. Rami ne ya buɗe a tsakiyar ratinar idon hagu, wato shimfiɗar nan ta bayan ido da ke karɓar haske, a wurin da ake kira makula. Ya ce ba ƙwaya ba ɗigo, sai tiyata. Za a zuƙe ruwan da ke cikin idon, a cika shi da gas, in yi kwanaki ina kife da fuska.

Wannan duk na ji na yarda. Inda na tsaya shi ne da ya ce tunda za a shiga, zai cire madubin cikin idon ma ya sa na roba, wato aikin yana. Na ce likita, ai ni ba yana ce ta kawo ni ba. Ya ce akwai ta kaɗan, ko da ma babu, tana nan tafe. Jama'a na jira a bayana, ban samu na ja zancen ba.

To ni madubin nan nawa ne, da shi aka halicce ni, kuma yana aiki. In na cire tabarau na kawo allura kusa da fuskata, da kaina nake zura zare, 'yan matan da ke koyon ɗinki a wajena ma wani lokaci ni suke miƙo wa. Me zai sa a cire abin da bai lalace ba? Aiki biyu a ido ɗaya a rana ɗaya, idon zai ɗauka kuwa? Ko in ce ya yi na ratina kawai, na yana mu bari sai ta zo?

Malam Mai Ritaya

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya 'yar'uwa.

Ni an raba min. Tawa matsalar ba rami ba ce, wata fata ce ta fito a kan makula tana tattare ta, amma aikin ɗaya ne, zuƙe ruwan ido. Ina da shekara 64 a lokacin. Likitana bai saba haɗawa ba, ya bar madubin. Bayan aikin gani ya gyaru, na ji daɗi. Shekara ba ta zagayo ba sai na ga farar takarda ta koma rawaya a wannan idon, fitilun motoci da dare suna watsuwa, lambar tabarau kuma duk awon da aka yi sai ta canza. Har na fara zargin fatar ce ta dawo. Ashe yana ce.

Aka sake shiga tiyata. Aikin ya yi kyau, alhamdulillahi, amma sai da na sake komai daga farko: gwaje-gwaje, neman ɗan rakiya, makonnin ɗiga magani, hana ruwa taɓa ido. Watannin da na yi tsakanin aikin biyu kuwa, ba ni da tabbacin ratina ce ko madubi ke rage min gani. A shekarunki, ni dai haɗawar nake gani. Amma bari masu aikin su zo su yi bayani.

Sista Ta Ɗakin Tiyata

Sannu Mama, Allah ya sawwaƙe. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin tiyatar ido, ba likita ba, likitanki shi ya ga idon. Amma wannan aikin a gabana ake yinsa, zan faɗa miki abin da ya sa ya ce "tana nan tafe".

Bayan madubin ido akwai wani ruwa mai yauƙi kamar farin ƙwai, shi ya cika yawancin ƙwayar idon. Shi ake zuƙewa, aikin sunansa bitirektomi. Cikin amfanin wannan ruwan har da tsare madubi daga oksijin da ke fitowa daga jijiyoyin ratina. Madubi a wurin da oksijin ya yi ƙaranci yake zaman lafiya. Da zarar an cire ruwan, oksijin na isa gare shi fiye da da, sai tsakiyarsa ta fara taurara tana yin rawaya. Abin da ya sami Malam ke nan. Gas ɗin da za a sa miki ma, in ya daɗe yana taɓa bayan madubin, yana ƙara hanzarta abin. Ga wanda ya haura shekara 50, mafi yawansu cikin shekara biyu yana ta kai ga sai an cire. Shi ya sa tambayar a wajenki ba ta "za a cire ko ba za a cire ba" ce. Ta yaushe ce.

Ga yadda ranar take. Yawanci allura ake yi a gefen ido a kashe wurin, kina farke amma ba kya jin zafi. Ana fara da yana. Ɗan tsagi ne da bai kai milimita 3 ba, a sa wani bututu mai girgiza ya farfasa madubin ya zuƙe shi, mu muna ce masa fako. Madubin yana zaune ne cikin wata 'yar jaka siririya, ita ba a cire ta, a cikinta ake sa na robar. Daga nan sai a koma baya. Ƙananan ƙofofi uku ake hudawa a farin ido, kowace kusan rabin milimita: ɗaya ta ruwan da ke riƙe idon kada ya lotsa, ɗaya ta fitila, ɗaya ta abin yanka da zuƙa. A irin naki, bayan an cire ruwan ana ɗiga shuɗin rini a ɓare wata fata da ke saman ratina kewaye da ramin, don gefunan su saki su haɗe. Sannan gas. Yanar tana ƙara kamar minti 15 zuwa 20 a kan aikin, duka-duka galibi awa ɗaya ne ko ya ɗan haura.

Akwai abubuwan da likita ke samu in madubin ya fita, waɗanda mara lafiya ba ya gani. Na farko yana hango ratina tas, domin ɓare fatar nan aiki ne na abin da ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba, ko ɗan hazo kaɗan yana damunsa. Sannan madubin ɗan shekara 60 ya yi kauri, ya turo baya. In likita zai tsallaka da kayan aiki ya share ruwan da ke can gefe, dole ya yi ta kaffa-kaffa kada ya goge shi, in ya goga kuwa yanar ido ce nan take. Madubin roba siriri ne, hanya a buɗe take. Ruwan gefe ya fita sosai, gas ya fi cika idon, shi kuma gas ɗin shi ne ke danne ramin har ya rufe.

Sai batun da Malam bai gani ba don yana kwance: cire yana a idon da aka riga aka zuƙe wa ruwa ya fi wuya. Babu abin da ke tokare jakar daga baya, sai ta riƙa gaba tana baya a lokacin aiki, zaruruwan da ke riƙe ta ma wani lokaci sun yi sanyi. Ƙwararru na yi kullum kuma lafiya, amma in kika tambaye su wanne suka fi so, ba za su zaɓi wannan ba.

Kada in nuna miki gefe ɗaya. Ido da aka yi wa aiki biyu ya fi yin ja da kumburi a makonnin farko, don haka ɗigon rage kumburi ya fi yawa kuma ya fi daɗewa. Gas na iya turo madubin robar gaba har gefensa ya maƙale a baƙin ido, abin da ya sa muke hana kwanciya rigingine ke nan. Baƙin idon na iya mannewa da jakar. Lambar da aka auna kan ɗan zame kaɗan zuwa ɓangaren mainos. Duk ana iya magance su, amma suna faruwa.

Wani abu da nake yawan tunawa: har zuwa 1991, lokacin da wasu likitoci biyu a Amurka, Kelly da Wendel, suka wallafa sakamakon aikinsu, mai ramin makula haƙuri kawai ake ba shi. Yau kusan tara cikin goma na rufewa da aiki ɗaya, musamman in ramin bai daɗe ba. Don haka duk shawarar da za ki yanke kan madubin, kada ta ja miki jinkirin aikin ramin.

Ɗan Auta

Sista ta yi bayani, amma ni ina da ja kaɗan, kada wani ya karanta ya ɗauka kowa haɗawa ta fi masa.

Mahaifiyata ciwon suga gare ta, jini ya zuba a cikin idonta, ratinar kuma ta fara jan kanta. Aka haɗa mata aikin biyu, aka sa man silikon maimakon gas. Wallahi mun sha fama. Washegari wani farin abu ya taru a gaban idon, aka ce kumburi ne, muka koma ɗiga magani kusan kowace awa. Baƙin idon ya manne, ƙofar hasken ta daina buɗewa daidai. Hawan jinin ido ya biyo baya. Daga ƙarshe idon ya lafa, tana ganin hanya da shi, amma da aka zo kan ido na biyun wani likitan ya ce shi zai raba, ya fara yi mata allurar Avastin, mai rage sababbin jijiyoyin jini, a idon 'yan kwanaki kafin aiki, ya bar madubin sai ranar cire man. Wannan idon bai ba mu wahala ba ko kusa.

Mama, in kina da suga ki faɗa wa likita tun yanzu.

Sista Ta Ɗakin Tiyata

Ɗan Auta, gaskiyarka, Allah ya ƙara wa mahaifiyarka lafiya. Idon mai suga da ya kai wannan matakin daban ne. Jijiyoyinsa na yoyo, ga sababbin jijiyoyi marasa ƙwari da kan iya fitowa har a baƙin ido su toshe magudanar ruwa. A nan likitoci sun rabu, wasu na haɗawa in yanar ta tare musu gani, wasu na bari. Kuma in dai za a sa mai, ai akwai aiki na biyu dole, na cire shi bayan wasu watanni, to ana iya ajiye yanar zuwa ranar. Sai dai idanu biyu na mutum ɗaya ma ba lallai ciwonsu ya kai mataki ɗaya ba, don haka ba zan ɗora duk bambancin a kan haɗawar kaɗai ba.

Direban Tanka

Ni ratina ce ta ɓalle min ina da shekara 43, sai na ga duhu na tasowa daga ƙasa. Aikin gaggawa aka yi, ba a taɓa madubin ba. Likita ya ba ni dalili biyu. Ya ce a shekaruna madubin na iya canza kansa daga nesa zuwa kusa, na roba kuwa wuri ɗaya yake tsayawa, cire shi asara ce. Ya kuma ce tunda tsakiyar ratinar ta taso, in aka auna tsawon idon a ranar awon zai fito gajere, a sa min madubi mai lambar da ba tawa ba, in zauna da ita har abada. Har yanzu da nawa nake tuƙi. Amma Hajiya shekarunmu ba ɗaya ba ne, ciwon ma ba ɗaya ba.

Maman Biyu

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ɗan Auta, ba ni da suga, an gwada. Sista, yanzu na fahimci abin da likita ke nufi, kin yi min bayanin da bai samu lokacin yi ba.

To amma ga wata sabuwa. Da aka yi min awon madubin robar, yarinyar da ke kan na'urar ta ce min in yi murna, idon hagu zai rabu da tabarau, zan riƙa hango nesa da shi haka nan. Da farko na ji daɗi. Da na dawo gida na zauna sai na ce, to idon dama fa? Shi yana nan a mainos 5 ɗinsa, lafiyarsa lau, babu mai taɓa shi. Ido ɗaya na son tabarau ɗaya ba ya so, yaya zan yi da su? Kuma zura allurar nan da nake yi, shi ke nan ta tafi?

Mai Awon Tabarau

Yawwa Hajiya, kin taɓo inda ya fi muhimmanci, kuma shi ne mutane ke wucewa da sauri, sai bayan aiki su zo wajenmu ransu a ɓace. Ni awon tabarau nake yi.

Madubin roba yana da lamba, kuma lambar zaɓa ake yi kafin aiki. Ana iya saita idon ya ga nesa ba tabarau, ana iya barinsa a mainos yadda ya saba. Yawancin mutane nesa ake saita musu, shi ya sa yarinyar ta faɗa miki haka. Amma ke ba yawancin mutane ba ce. In aka mai da hagu sifiri dama na mainos 5, tazarar ta yi yawa. Gilashin mainos yana ƙanƙantar da hoto. Ido ɗaya zai riƙa kai wa ƙwaƙwalwa babban hoto, ɗayan ƙarami, ta kasa haɗa su. Abin da ke biyo baya jiri ne, ciwon kai, ganin abu biyu-biyu, matakala ta zama abin tsoro. Galibin mutane in tazarar ta wuce lamba 3 ba sa iya jurewa da tabarau. Mafita a lokacin sai dai ki riƙa manna ɗan gilashin nan da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido a dama kullum, ko a cire madubin dama shi ma alhali bai yi laifin komai ba.

Yanzu ki duba ɗaya hanyar. In aka bar hagu a wajen mainos 3, tazararsa da dama lamba 2 ce kawai, tabarau na ɗauke wannan. Za ki ci gaba da sa tabarau don nesa, abin da kike yi tun yarinta. In kin cire shi kuma, ido mai mainos 3 yana gani tas a tazarar kusan santimita 33, mai mainos 2.5 a santimita 40. Ki ɗauko tef ɗin awonki ki auna daga idonki zuwa inda allurar keke take sauka, da inda kike riƙe yadi in kina ɗinkin hannu, ki kai wa likita waɗannan lambobin. Idon dama kuwa yana nan da ganinsa na santimita 20, da shi za ki ci gaba da zura zare. Ranar da yanarsa ta zo, sai a saita shi daidai da ɗan'uwansa.

Ni a ganina mutumin da ya yi shekara 50 yana cire tabarau ya kalli abu kusa, ƙwace masa wannan ba kyauta ba ce, ko da an ba shi nesa a madadi. Akwai masu zaɓar nesa kuma su ji daɗinsa, musamman masu tuƙi. Abin dai shi ne ke za ki zaɓa, ba a zaɓa miki a kan na'ura ba.

Abu biyu kuma. In aka tallata miki madubi mai ganin nesa da kusa lokaci ɗaya, ba na idon da makularsa ke da rauni ba ne, domin raba haske yake yi, ke kuwa duk hasken da ya samu idon na buƙatarsa. Sannan ki tambayi da me aka yi madubin. Ga idon da wataƙila wata rana zai buƙaci man silikon, ana guje wa madubin silikon saboda man na manne masa. Irin akirilik mai shan ruwa kuma an ga yana yin dusu-dusu a wasu idanun da aka sa wa gas. Likitocin ratina sun san wannan sarai, amma tambaya ba ta ɓata komai.

Kada ki yi saurin yanka sabon tabarau. Sai gas ya tafi gaba ɗaya idon ya zauna. Kuma ko ramin ya rufe, tsakiyar ganin a hankali take dawowa, watanni har zuwa shekara, wani ɗan karkacewar ma kan saura. Madubin roba ba ya gyara wannan, aikin ratinar ne.

Maman Biyu

Malam mai awon tabarau, Allah ya biya ka. Na auna, santimita 36 ne zuwa allurar keke. Na koma na samu likitan da takardata a hannu. Da na faɗa masa sana'ata da lambar idon dama sai ya ajiye biro ya sake duba awon, ya ce mainos 3 zai saita, kuma akirilik mara shan ruwa dama yake sawa. Na yarda a haɗa. Ramin ya ce matsakaici ne, kifewar 'yan kwanaki ce ba makonni ba.

Sista, saura tambaya ɗaya. 'Yata na so in je wajenta in yi jinya bayan aikin, tafiyar kuwa ta jirgin sama ce.

Sista Ta Ɗakin Tiyata

A'a Mama, wannan kam babu shi. Muddin akwai gas a idon ba kya hawa jirgi. In aka yi sama gas ɗin kumbura yake yi, ido kuwa ba shi da wurin ba shi, matsin ya hau har ya tsayar da jinin da ke zuwa ratina, gani na iya tafiya gaba ɗaya kafin a sauka. Hawa tsauni mai nisa a mota ma haka. Ki tambayi wane irin gas za a sa miki: SF6 kusan mako 2 yake yi, C2F6 mako 3 zuwa 4, C3F8 kuwa mako 6 zuwa 8. Da kanki za ki riƙa ganinsa, wani baƙin layi mai rawa da ke sauka ƙasa kullum, ya zama ɗan ƙwallo, ya ɓace. Ko ya ɓace sai likita ya duba ya ce ki tafi. 'Yarki ce za ta zo.

Za a ɗaura miki wani abu a hannu mai nuna akwai gas a idonki, kada ki cire shi. In wani dalili ya kai ki asibiti ko wajen likitan haƙori, ki nuna musu, domin akwai iskar sa barci da rage zafi, naitiros, da ke shiga cikin gas ɗin ta kumbura shi nan take.

Makon farko idon ba zai ga komai ba sai motsi da haske, gas ne, kada ki tsorata. Abin da za ki tsorata da shi: zafi mai ƙaruwa, musamman da ciwon kai ko amai, ko ja da kumburi da ke daɗuwa maimakon raguwa, ko duhu da ya taso daga gefe bayan gani ya fara dawowa. Kowanne daga ciki, a ranar za ki koma, ko da dare ne, ba sai ranar da aka rubuta miki ba.

In bayan wasu watanni ko shekaru kika ga hazo ya dawo, yawanci jakar nan ce da aka bari ta yi duhu, kuma ta fi saurin yi a idon da aka haɗa wa aiki. Da leza ake buɗe ta a zaune, 'yan mintoci, ba yanka. Ki tanadi matashin kai mai rami a tsakiya tun kafin ranar, wuya da kafaɗa su ne ke fara gajiya da kifewar.